Darasi na 12: Gidauniyar Gidan Gajiyayyu, Daga Alƙawari Zuwa Tukunya

Duk wanda ya taɓa halartar ƙaddamar da gidauniya a garin Bauchi ya san yadda ranar take tafiya. Tun da hantsi an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an ware na kushin a sahun gaba saboda manyan baƙi. Katin gayyata ya ce ƙarfe 10 na safe, amma babban mai ƙaddamarwa ba zai iso ba sai an sauko daga azahar. Mai gabatarwa yana riƙe da abin magana yana zuba kirari. Da ya ce wani Alhaji ya ba da miliyan 5, sai wuri ya ɗauki kabbara. Wakilin wani babba ya miƙe ya ce maigidansa yana Abuja, amma ya aiko shi da alƙawarin buhun siminti 200. Kafin la'asar sakaliya sakatare ya karanta jimilla, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa yana murna.

Washegari ne ma'aji yake sanin gaskiyar lamari. Abin da ke cikin jaka daban, abin da ke kan takarda daban. Daga nan sai zarya: yau a ce Oga ya yi tafiya, gobe a ce a dawo ƙarshen wata.

Idan masallaci ake ginawa ko ajin Islamiyya, wannan jinkiri da sauƙi. Gini yana iya tsayawa a linta shekara biyu, damina ta dake shi, rani ya busar da shi, ranar da kuɗi suka samu a ci gaba. Gidan tsofaffi ba ya da wannan haƙurin. Tsohuwar da ke shan maganin hawan jini kullum za ta sha, kuma sau uku a rana za a ɗora tukunya, ko Oga ya dawo daga tafiya ko bai dawo ba. A kan wannan bambanci darasin yau ya ginu.

Wa zai zauna a ciki?

Kafin a nemi ko sisi, akwai tambayar da mutanen Bauchi za su yi wa kwamiti, kuma da zafi za su yi ta: wane ɗan halak ne zai ɗauki uwarsa ya kai ta gidan gajiyayyu? A ƙasar Hausa wannan abin kunya ne da zai bi mutum har jikokinsa. Tsoho a ɗakinsa yake tsufa, jikoki na hawa da sauka a jikinsa, ana aiko masa da kwanon ciyayya daga maƙwabta. Masu wannan tambaya suna da gaskiya, kuma kwamitin da ya raina su ya rasa masu ba shi kuɗi tun bai fara ba.

Sai dai a zaga bakin Kasuwar Wunti, ko ƙofar Masallacin Gwallaga ranar Juma'a, a dubi waɗanda ke zaune a ƙasa da ƙoƙo a gabansu. Akwai gwauruwar da Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya rasu, magada suka sayar da gidan. Akwai dattijon da ya zo ci-rani yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a dako, yanzu ko hanyar garinsu ba ta da amfani gare shi domin duk wanda ya san shi ya mutu. Akwai waɗanda rikicin Filato ya koro tun daga 2001, da waɗanda Boko Haram ta raba da 'ya'yansu a Borno da Yobe bayan 2009, suka sami mafaka a unguwannin Bauchi. Akwai kuma tsohuwar da ruɗewar tsufa ta kama, tana fita tsakar dare tana sambatu, har yaran unguwa suka fara kiran ta mayya. Waɗannan su ne mutanen gidan. Takardar neman taimako ta faɗi haka a layinta na farko, kuma dokar gidan ta ce ba a karɓar kowa sai mai unguwa ya shaida cewa ba shi da mai riƙe shi. Da zarar an ji wannan, fuskar mai tambaya takan sauya.

A ƙasa baki ɗaya, masu shekara 60 zuwa sama ba su wuce kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, amma a ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 wannan kaso ya kai wajen mutum miliyan 10, kuma mafi yawansu ba su taɓa aikin albashi ba balle su sa ran fansho. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a Janairun 2018, aka naɗa mata shugaba, Dokta Emem Omokaro, a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Jihar Ekiti ta taɓa gwada biyan tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama Naira 5,000 duk wata daga 2011. A Arewa, gidan da aka fi sani shi ne Gidan Gajiyayyu na Shahuci a cikin birnin Kano, wanda ke hannun gwamnatin jiha, kuma duk da haka ƙungiyoyi da masu hali sukan kai masa abinci da sutura, musamman da azumi. A Bauchi, marayu suna da hukumarsu ta musamman, BASOVCA. Mai neman taimako domin tsofaffi zai lura da wani abu tun makon farko: hannun jama'a ya fi saurin buɗewa idan aka ce maraya ko masallaci. Tsoho sai an yi masa dogon bayani.

Amma bayanin yana da tushe mai ƙarfi. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyadina Umar ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara a ƙofar wani gida, ya kama hannunsa ya kai shi gidansa ya ba shi abin da ya samu, sannan ya umarci mai kula da baitulmali ya yanka wa shi da ire-irensa abin da za su rayu da shi, domin ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Abin lura a labarin shi ne mataki na biyu. Kyautar rana ɗaya ba ta gamsar da Umar ba, sai da ya mayar da abin tsari mai ɗorewa.

Lissafin tukunya

A ɗauki alƙalami. Waɗannan alƙaluma misali ne domin koyon lissafi, kowane aji ya gyara su da farashin da ya tarar a Kasuwar Muda Lawal a makon da yake karatu. A ce gida yana da tsofaffi 20, kuma cin kowane ɗaya a rana Naira 2,000 ne. Kullum Naira 40,000 ke nan, a kwana 30 kuwa miliyan 1 da dubu 200. Ana buƙatar ma'aikata 6: masu girki biyu, masu jinya uku saboda kwanan dare, da maigadi. Mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta tsayar a Yulin 2024 shi ne Naira 70,000, don haka su shida Naira 420,000. A ware 380,000 domin magani, sabulu, itacen girki, ruwa, wutar lantarki da kuɗin Keke Napep zuwa asibiti. Jimilla miliyan 2 a wata, miliyan 24 a shekara.

To, a ce ranar ƙaddamarwa an shelanta miliyan 50, rabi ya shigo hannu. Ko da ba a sayi bulo ɗaya ba, miliyan 25 za su ƙare cikin shekara ɗaya da 'yan makonni. Kuma kuɗin da ke kwance a banki raguwa suke yi: bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, wato kuɗin da suka sayi buhu huɗu a ƙarshen 2023, bayan shekara guda da ƙyar suka sayi uku.

Yanzu a juya lissafin. Mutum 2,000, kowa ya ba da Naira 1,000 duk wata. Miliyan 2 cif. Babu rumfa, babu kirari, babu wanda za a yi wa zarya a ofis. Idan mutum 50 suka fasa a wata guda, tukunya ba za ta ji ba. Idan kuwa attajiri ɗaya ne ke riƙe da gidan, ranar da kasuwarsa ta karye ko ya faɗi zaɓe, ranar za a kwana da yunwa. Matan Bauchi da ke zubin adashi sun daɗe da sanin wannan hikima, kuma uwar adashi ta fi sakatarori da yawa iya bin bashin Naira 1,000 ba tare da an ɓata ba. Kwamitin da babu irinta a ciki ya yi asara.

Wannan ba ya nufin a daina ƙaddamarwa. Tana da ranarta: ita ke sayen fili, ta ja katanga, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta sa gidan rediyon BRC da Globe FM su ambaci sunan aikin. Abin da ya kamata shi ne a ajiye tebur a bakin rumfa da na'urar POS da littafin rasit, a kuma karanta jimilla biyu a gaban jama'a, abin da aka biya da abin da aka yi alƙawari. Wasu manyan ba za su so haka ba. A yi ta cikin ladabi, amma a yi.

Kowane kuɗi da ƙofarsa

Kuskuren da kwamitoci suka fi yi shi ne zuba komai a asusu ɗaya. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma faƙirai da miskinai ne a gaba. Tsohon da ba shi da komai ya shiga cikinsu. Amma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, suna ganin ba a gini da kuɗin zakka. Haƙƙin mutum ne, shi ake ba. Saboda haka zakka ta tafi ga ci da sha da sutura da maganin mazauna gidan, da sunansu, siminti kuwa a nemo shi daga sadaka. A tambayi malami tun kafin a buɗe asusu. Zakkar fidda-kai ma haka: mudu huɗu na Annabi a kan kowane mutum, idan masallatan unguwa uku suka yarda su tura wani kaso, tsofaffin gidan za su yi Sallah da hatsi a rumbu. Jihohin Arewa sun yi wa wannan fanni hukumomi: Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato ta ɗaga kwamitinta zuwa cikakkiyar hukumar zakka da waƙafi a 2016, a Bauchi kuwa an ɗora lamarin a kan Hukumar Shari'a da aka kafa a 2001. Gidan da ke da rajista da lissafi a rubuce yana iya ƙwanƙwasa irin wannan ƙofa.

Waƙafi shi ne ƙashin bayan duk gidan da ke son ya wuce shekarun waɗanda suka kafa shi. Ma'anarsa a tsare asalin dukiya, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, a riƙa ciyar da amfaninta. Haka Sayyadina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar, haka Sayyadina Usman ya yi da rijiyar Ruma a Madina. A Bauchin yau waƙafi yana iya zama shaguna huɗu a bakin titi da hayarsu ke shiga asusun gidan, ko gonar masara a hanyar Dass, ko injin niƙa. Hayar shago tana tashi tare da farashin shinkafa, abin da kuɗin ajiya ba sa yi. Sharaɗi ɗaya: a rubuta, a sa shaidu, a canja sunan takardar fili tun mai bayarwa yana da rai. Waƙafin baka yakan mutu ranar rabon gado.

Birnin Istanbul na Turkiyya yana da misalin da ya cancanci a sani. Sarkin daular Turkawa Abdulhamid na Biyu ya sa aka gina gidan gajiyayyu mai suna Darulaceze a 1895, aka buɗe shi a 1896. Ya ba da nasa, jama'a suka ba da nasu, sannan aka yanka wa gidan wani kaso na harajin tikitin gidajen wasa domin kuɗin shiga ya riƙa zuwa ba yankewa. A harabarsa akwai masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa. Daular da ta gina shi ta rushe fiye da shekara 100 da suka wuce, gidan yana nan yana ciyar da tsofaffi. A Faransa kuma, a hunturun 1839, wata 'yar aikin gida mai suna Jeanne Jugan ta goyo wata tsohuwa makauniya ta kwantar da ita a gadonta, daga baya ta ɗauki kwando tana bi gida-gida tana roƙa wa tsofaffinta abinci. Ƙungiyar mata masu zaman zuhudu da ta faro daga wannan ɗaki tana da gidajen tsofaffi a ƙasashe da dama, har da Enugu, kuma har yau suna zaga kasuwanni neman taimako. Ɗaya ya dogara da kafaffen kuɗin shiga, ɗaya da kwandon yau da gobe. Gida a Bauchi zai buƙaci duka biyun.

Kwandon ma ba baƙo ba ne a nan. Kowace Babbar Sallah 'yan agajin Izala suna bi unguwa-unguwa suna karɓar fatun layya, a tara, a sayar, a yi ayyuka da kuɗin, kuma ana sanar da abin da kowace jiha ta tara. Fata ɗaya ba komai ba ce, mai ita ma ƙila da yar da ita zai yi. Abdul Sattar Edhi na Pakistan, wanda ya fara da ƙaramin ɗakin shan magani a Karachi cikin shekarun 1950 ya rasu a 2016, da irin wannan fata da ƙananan sadakokin talakawa ya riƙe gidajen marasa galihu da motocin ɗaukar marasa lafiya. Ɗan kasuwar hatsi da zai yi nauyin hannu idan aka ce ya kawo Naira 20,000, ba zai ji komai ba idan aka ce, “Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, tiya ɗaya duk Juma'a saboda su Baba.” Mahauci ya ba da ƙashin miya, mai kayan gwari ya ba da tumatirin da ya fara laushi. A Yelwa da sauran unguwannin da Kirista suke da yawa, akwai baikon coci, da godiyar kaka, da ƙungiyoyin Zumuntar Mata waɗanda ziyarar marasa lafiya da gwauraye aikinsu ne tun da daɗewa. Tsufa bai tambayi addinin kowa ba, kuma kwamitin da ya haɗa liman da fasto ya ninka ƙofofin da zai shiga.

Amana a rubuce

Mutane sun sha cizo. Kowa ya san labarin wata gidauniya da aka tara, shugaba ya sake mota, aka daina jin ɗuriyarta. Maganin zargi shi ne takarda. A yi wa ƙungiya rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za a buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki zai nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC. A sanar da sashen jin daɗin jama'a na jiha, a kai gaisuwa wurin mai unguwa da hakimi, domin a masarautar Bauchi aikin da bai bi ta wannan hanya ba yakan yi tuntuɓe.

Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, kada ya zama na shugaba ko matarsa, kuma kuɗi kada su fita sai da sa hannun mutum biyu cikin uku. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban. Ko tiya ɗaya aka kawo a yanka rasit. Ƙarshen wata a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a takarda ɗaya, da Hausa, a manna a ƙofar gidan da allon masallaci, a tura a zauren WhatsApp na masu zubi. Wanda ya ga inda dubunsa ta tafi, wata mai zuwa ba sai an tuna masa ba.

Saura maganar hoto. Waya ta sauƙaƙa neman taimako ƙwarai. A Kano, marubuciya Fauziyya D. Sulaiman ta yi suna wajen tara wa marasa lafiya da mabuƙata kuɗi ta Facebook, kuma da yawa sun bi sahu. Amma kowa ya san hoton da ya fi jawo kuɗi shi ne wanda ya fi tona asiri: tsohuwa ba ɗankwali, a kan tabarma yagaggiya, tana hawaye. Wannan baiwar Allah ta yi shekara 70 tana rufa wa kanta asiri. Kafin a ɗaga waya a durƙusa a gaishe ta, a ce, “Inna, za mu ɗauki hotonki mu nuna wa masu taimako, kin yarda?” Idan ta ce a'a, magana ta ƙare. Idan ta yarda, a bari ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau. Wadda hankalinta ya gushe ba a ɗaukar ta sam. Ana iya nuna tukunya, da rumbu, da rasit ɗin magani. Haka nan baƙin da ke zuwa ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tsofaffi tun 1990, ko a goman ƙarshe na azumi: a karɓi kayansu da godiya, amma kada a jera tsofaffi a rana su riƙe katan ɗin taliya har sai mai ɗaukar hoto ya gamsu.

Wani lokaci ma binciken kwamiti zai nuna cewa tsohon bai buƙatar ɗaki a gidan. Yana da maƙwabciyar da ke son riƙe shi, hatsi ne ba ta da shi. A irin wannan hali mudu goma da kuɗin magani duk wata, da rajistar inshorar lafiya a hukumar BASHCMA ta jiha, sun fi gado a gidan gajiyayyu arha, kuma Baba zai ci gaba da sallah a masallacin da ya saba, inda aka san sunansa.

Aikin aji

A kasu gida uku. Rukunin farko su je kasuwa su tambayo farashin masara, shinkafa, wake, manja da itace, su sake lissafin tsofaffi 20 da farashin wannan mako. Rukuni na biyu su gaida mai unguwarsu su tambaye shi tsofaffi nawa ya sani da ba su da mai riƙe su, su kawo adadi kawai, ban da suna. Rukuni na uku su rubuta takardar neman taimako da ba ta wuce layi 10 ba, wadda za a iya karantawa bayan sallar Juma'a ko a taron coci, ta faɗi waɗanda za a taimaka wa, da abin da ake nema duk wata, da ranar da za a manna lissafi. Mako mai zuwa kowane rukuni zai karanta nasa, sauran su yi masa tambayoyin da mai ba da kuɗi zai yi.